Annabin ya ce surukata ce ta kama kurwar ɗana

Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni matar aure ce a Jos, yarana biyu. Ƙaramin, mai shekara 6, yana da sikila, kuma tun shigowar sanyin bana ba mu huta da asibiti ba. Wata abokiyar aikina ta ja ni addu'ar dare a wani gidan addu'a. Can tsakar dare mai wurin, wanda suke kira Annabi, ya nuna ni a cikin taro, ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya ce na taɓa yin ɓari, ya ce ina da ɗa mai kuka da ciwon ƙashi. Duk gaskiya ne, alhali ban taɓa ganinsa ba. Da aka tashi ya kira ni gefe, ya ce Ubangiji ya nuna masa wata tsohuwa a gidana ce ta kama kurwar yaron. Tsohuwa ɗaya ce a gidanmu, uwar mijina. Ya ce in tsayar da maganin asibiti kwana 21, in riƙa shafa masa man da ya ba ni, in kawo naira dubu 200 in shuka iri, wato baiko, kuma kada mijina ko fastonmu su ji tukuna, wai idanunsu ba su buɗe ba. Da na ce zan yi tunani, sai ya ce a rubuce yake, kada a taɓa shafaffe na Allah. Tun makon jiya na tsayar da maganin, na kuma hana yaron cin abinci a hannun kakarsa. Ta lura, ta yi shiru, ta koma zaman ɗaki. Ba na barci. In Allah ne ya yi magana, ina tsoron in ƙi ji. In ba shi ba ne, ta yaya mutumin nan ya san asirina?

Uwa cikin damuwa, Jos

'Yata, kafin ki ci gaba da karanta amsar nan, ki tashi ki mayar da yaron nan kan maganinsa, gobe da sassafe ki kai shi wurin likitansa, ki faɗa masa gaskiyar kwanakin da aka yi ba a sha ba. Kada kunya ta sa ki rage ko kwana ɗaya. In jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa ya canja, ko ya yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura, ko wani gefen jikinsa ya saki, ba batun jiran gobe ba ne, a daren za ku tafi. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba a yi masa haƙuri. Maganar annabi za ta iya jiranmu, jinin yaro ba ya jira.

To, mu zo kan abin da ya hana ki barci. Ta yaya ya san ƙauyenku da ɓarin da kika yi? Ke ba ki taɓa ganinsa ba, amma wadda ta kai ki ta san shi, ta kuma san ki. Ki zauna ki tuna abin da kika taɓa gaya mata a wurin aiki, ranar da kika shigo ido jajur bayan kwanan asibiti. Ba na cewa ta haɗa baki da shi. Sau da yawa mace takan je wurin irin waɗannan mutane da zuciya ɗaya ta ce, "Bawan Allah, ka sa ƙawata a addu'a, ga halin da take ciki," ta zazzage masa komai, shi kuma ya adana sai ranar da ƙawar ta shigo. Wasu wuraren kuma tun a bakin ƙofa ake ba baƙo takarda ya rubuta sunansa da garinsu da buƙatarsa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A Amurka an yi wani mai wa'azi, Peter Popoff, da ke kiran mutane da sunansu da adireshinsu da ciwonsu a gaban dubban jama'a. A 1986 aka bankaɗo cewa matarsa ce ke karanto masa bayanan daga katin addu'ar da mutanen suka cika, yana ji ta wata 'yar na'ura a kunnensa. Batun tsohuwa a gida kuwa, in kika shiga gida goma a unguwarku, nawa ne ba su da kaka ko gwaggo a ciki?

Amma bari in ba shi duk abin da yake so. A ce ba wanda ya gaya masa, a ce da gaske ya gani. Ko a haka Littafi Mai Tsarki bai ce ki bi shi ba. A Maimaitawar Shari'a sura 13, Musa ya yi maganar annabin da zai ba da alama, alamar kuma ta cika, sa'an nan ya ja mutane ga abin da Allah ya hana. Umarnin shi ne kada a saurare shi. A Filibi, Ayyukan Manzanni sura 16, wata baiwa mai duba ta yi kwanaki tana bin su Bulus tana shelar cewa su bayin Allah Maɗaukaki ne. Gaskiya take faɗa, kuma iyayengijinta kuɗi suke samu da ita sosai. Bulus bai ce mata annabiya ba, fitar da ruhun ya yi. Yesu da kansa, a Matiyu sura 7, ya ce a ranar ƙarshe da yawa za su ce sun yi annabci da sunansa, sun fitar da aljanu, ya ce musu bai taɓa saninsu ba. Sanin asirin mutum bai isa shaida ba. Boka ma yana faɗin sunan ƙauye. Abin dubawa shi ne inda maganar take tura ki.

Na san ayar da ya jefe ki da ita ce ta ɗaure miki baki. Ki buɗe Zabura 105, inda ayar take, ki karanta daga aya 8 zuwa 15. Labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, lokacin suna 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah ya gargaɗi sarakuna kada su cuce su. Ayar kariya ce ga marasa ƙarfi daga hannun masu iko. Ba ta ce uwa ba ta da ikon yin tambaya a kan ran ɗanta ba. Dawuda shafaffe ne, annabi Natan ya tsaya a gabansa ya faɗa masa laifinsa, ya ce kai ne mutumin. Bitrus manzo ne, Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a a Antakiya. Mutanen Biriya kuwa, Bulus da kansa ne yake musu wa'azi, suna komawa kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi. 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi. A 1 Korantiyawa 14:29 Bulus ya ce annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. Ashe aunawar umarni ce, ba rashin bangaskiya ba. Mutumin da kika ce masa "zan yi tunani" ya hau borin kunya yana tsorata ki da aya, ya riga ya gaya miki maganarsa ba za ta jure awo ba.

Mu auna ta ɗin. Ya ce kada mijinki ya ji, kada fastonku ya ji. Wannan kaɗai ya ishe ni. Yaron na mijinki ne, wadda ake zargi uwarsa ce, kuɗin da za a kwasa na gidansa ne. Wane saƙo ne daga Allah zai shafi ɗan mutum da uwarsa da aljihunsa, a ce shi kaɗai ne ba zai sani ba? Yesu ya gaya wa babban firist cewa a fili ya yi wa duniya magana, bai faɗi kome a ɓoye ba. An zaɓe ki ke kaɗai ne don ke ce wadda ta gaji, wadda ta kwana a bencin asibiti, wadda za ta sayar da zanen ɗaurinta in an ce yaron zai warke. Mijinki da fasto ana tsoron su yi tambayar da ke gajiya ta hana ki yi.

Maganar dubu 200 ba zan daɗe a kanta ba. Na'aman ya zo daga Suriya da azurfa da zinariya da riguna, ya warke daga kuturta, ya yi ta roƙon Elisha ya karɓi kyauta, Elisha ya rantse ba zai karɓa ba. Baransa Gehazi ne ya bi bayan karusa ya ƙirƙiro ƙarya ya amso, ya ƙare da kuturtar. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Mika 3:5 ta kwatanta annabawan da ke cewa "salama" ga wanda ya sa musu abu a baki, su ɗaura yaƙi da wanda bai sa ba. Tun ikilisiyar farko ake fama da wannan. Akwai wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, da ya ce duk wanda ya ce cikin Ruhu "ba ni kuɗi," kada a saurare shi, sai dai in don waɗansu mabukata yake roƙo. Baiko abu ne mai kyau, ni ma ina bayarwa. Amma a yanka wa uwa farashin lafiyar ɗanta, wannan ciniki ne.

Batun magani kuma, ban san inda ya samo Allahn da ke kishi da ƙwayar folik asid da ake ba masu sikila ba. Lokacin da sarki Hezekiya yake kwance, annabi Ishaya ne ya kawo masa saƙon cewa an ƙara masa shekara 15, shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus yana kiransa ƙaunataccen likita. Ki yi wa kanki wannan tambaya: in kwana 21 suka cika yaron bai warke ba, me zai ce? Ni na sani. Zai ce bangaskiyarki ce ta gaza, ko irin da kika shuka bai kai ba, ko tsohuwar ta ƙara ƙarfi, a ƙara wasu kwanakin. Maimaitawar Shari'a 18:22 ba ta ɗora laifin a kan mai ji ba. Ta ce in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, da izgili ya faɗa, kada a ji tsoronsa. Sai dai ke ba ki da damar jira ki gani, don jikin ɗanki ne wurin gwajin. A Kenya, a dajin Shakahola, a 2023 aka fara tono gawarwakin mabiyan wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, har suka haura 400, da yara da yawa a ciki. Azumi ya sa su har mutuwa wai don su sadu da Yesu. Kafin a kai nan, abin da ya fara koya musu shi ne su guji asibiti da makaranta. Ban ce naku ya kai can ba, amma ƙofar da ya buɗe miki ita ce waccan.

Yanzu kakar yaron, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki.

'Yata, sikila ba kamu ba ce, gado ce. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya ɗauko S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ke AS ce mijinki ma AS, wato kowannenku yana ɗauke da S ɗaya, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da wannan S ɗin, lafiyarsa lau, bai ma sani ba sai an gwada, shi ya sa yanzu majami'u da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Ranar da cikinsa ya shiga aka gama wannan magana, tun kakarsa ba ta san yana tafe ba. Tashin ciwon a wannan lokaci ma ba abin ɓoye ba ne. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi, ke kuwa a Jos kike, cikin hunturu. Ba laifinki ba ne, ba na mijinki ba ne, balle nata. Almajirai sun taɓa nuna wa Yesu wani da aka haifa makaho suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba.

Ki dubi abin da mako guda ya yi a gidanki. Tsohuwar da take tauna nama ta sa wa jikanta a baki, take ɗumama ruwa ta gasa masa gwiwa in ciwon ya tashi, yau ta miƙo masa ƙosai kin janye hannunsa. Ba ta tambaye ki dalili ba don ta riga ta gane. Matan zamaninmu sun san abin da ake nufi in aka fara janye yaro daga hannun tsohuwa. Sun ga yadda kalmar nan "mayya" take fita daga ɗaki ta shiga tsakar gida, ta kai bakin famfo, ta kai ga samarin unguwa, kuma an sha dukan tsofaffi har lahira a ƙasar nan a kan maganar da ta fara haka. Shi ya sa a dokar Najeriya zargin mutum da maita laifi ne. Shi kuwa Annabin wayo ya yi, bai kama suna ba. "Wata tsohuwa" ya ce, ya bar ki ki cike gurbin da bakinki, don in abu ya ɓaci ya ce shi bai ambaci kowa ba.

Akwai wani labari a 1 Sarakuna sura 13 da nake so ki karanta a daren nan, don ya yi daidai da tsoronki. Allah ya aiki wani mutumin Allah daga Yahuza zuwa Betel, ya ce masa kada ya ci, kada ya sha a can. Ya cika aikinsa, sarki ya gayyace shi cin abinci ya ƙi. A hanyar komawa wani tsohon annabi ya bi shi, ya same shi a gindin itace, ya ce, ni ma annabi ne kamarka, mala'ika ya ce in komo da kai ka ci abinci. Littafin ya faɗa a fili cewa ƙarya ya yi masa. Mutumin ya bi shi, ya ci, a hanya zaki ya kashe shi. Wato ya saki abin da ya tabbata Allah ya faɗa masa, ya kama abin da wani ya ce Allah ya faɗa. Ke ma akwai abin da kika tabbata. Ki girmama uba da uwa. Kada ki yi shaidar zur a kan maƙwabcinki. Ke da mijinki jiki ɗaya ne. Waɗannan ba a wahayin kowa kika ji su ba, a rubuce suke, kina iya sa yatsa a kansu. Bulus ya gaya wa Galatiyawa ko mala'ika ne daga sama ya zo da wata bishara dabam, kada a karɓa. Kina tsoron kada ki ƙi jin Allah, alhali don ki bi mutumin nan sai kin taka dokoki uku da ba ki da shakka a kansu.

Kada ki ɗauka ni cikin masu cewa Allah ya daina magana nake. 1 Tasalonikawa 5 ta ce kada a raina annabci, a nan take kuma ta ce a gwada kome, a riƙe mai kyau. Na ga waɗanda Ubangiji ya sa wa magana a baki, a zumuntar mata da wajenta. Abin da na lura da shi a kansu, ba sa son a ɗaga su, sukan ce "ga abin da ya zo mini a zuciya, ki kai wa Baba Fasto, ki yi addu'a a kai," ba sa jin haushi in an ce a dakata, kuma ko tsautawa suka yi, mutum yakan tashi ya nufi sulhu da tuba. Bulus ya ce mai annabci yana magana ne don ginawa da ƙarfafawa da ta'aziyya. Ke kin fito daga wurinsa ba barci, kina ɓoye wa mijinki, kina tsoron surukarki, ɗanki ba magani.

Mijinki za ki fara gaya wa, yau, bayan yara sun kwanta. Ki faɗa masa duka, har tsayar da maganin, har abin da aka ce a kan mahaifiyarsa. Zai ji zafi, mai yiwuwa ya yi faɗa, ki bar shi ya yi. Gara ya ji daga bakinki da ya ji a waje. In kina ganin abin zai fi ƙarfinki, ki roƙi Mama Fasto ko wata dattijuwa da yake jin nauyinta ta zauna tare da ku. Daga nan ku je wurin fastonku tare. In kina son addu'a a kan yaron, Yakubu sura 5 ta nuna hanya: a kira dattawan ikilisiya su zo su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Mutanen da suka san sunansa ne tun ranar da aka miƙa shi a majami'a, ba za su kuma ba ki lambar asusu ba.

Kaka kuwa, ba sai kin maimaita mata kalmar nan ba, kada ma ki bari ta fito daga bakinki a gidan. Ki shiga ɗakinta, ki durƙusa, ki ce, "Mama, na saurari maganar da bai kamata in saurara ba, na yi miki laifi, ki yafe mini." In ta yi shiru, ki ƙyale ta, ciwon ba na kwana ɗaya ba ne. Da safe ki miƙa mata kwanon kunun yaron ki ce ta ba shi, ranar asibiti kuma ki ce ta raka ku, ta ji bayanin likita da kunnenta.

Abokiyar aikinki ki ce mata kin gode, ba za ki koma ba, kuma ki roƙe ta maganar gidanki ta tsaya nan. Ki tambaye ta a hankali ko ta taɓa ba shi labarinki, ki ga abin da za ta ce. Shi kuma zai kira, don ba a sakin dubu 200 da sauƙi. Zai ce ya ga akwatin gawa, zai ce kwana bakwai ya ba ki. Kada ki tsaya musu da shi, kada ki goge saƙonnin, ki nuna wa mijinki da fasto. In ya fara ambaton surukarki ga wasu mutane ko ya yi muku barazana, mijinki ya tattara saƙonnin ya kai wa 'yan sanda.

Ki kuma shirya zuciyarki, don yaron zai iya sake kwanciya a sanyin nan, kamar yadda ya kwanta kafin ki san akwai wani Annabi a duniya. Ranar da hakan ta faru muryar mutumin nan za ta dawo miki a kunne tana cewa "ba na faɗa ba?" Ki gaya wa mijinki tun yanzu cewa a ranar kina bukatar ya tsaya kusa da ke, wayarki kuma ta zauna a aljihunsa har a sallame ku.